Me ya hana jirgi mai saukar ungulu gudun da ya zarce na sauti?

Duk lokacin da wani kamfani ya fito da sabon jirgi mai saukar ungulu da aka ce ya fi na baya gudu, sai tsohuwar tambaya ta dawo. Tun 1947 Chuck Yeager ya zarce gudun sauti da jirgin Bell X-1, jiragen yaƙi sun mai da abin ruwan dare, har jirgin fasinja na Concorde ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003 yana ninka gudun sauti sau biyu. To me ya hana a ƙera helikwafta da zai yi haka? Wasu suna ganin rashin inji mai ƙarfi ne. Wasu suna cewa ai manyan ƙasashe suna da shi, ɓoyewa suke yi. Waɗanda suka kalli shirin talabijin na Amurka mai suna Airwolf, da aka fara nunawa a 1984, kuwa suna iya rantsewa sun gani da idonsu, alhali jirgin da aka yi wa kwalliya a shirin Bell 222 ne, wanda ko kilomita 300 a awa ba ya kaiwa.

Ƙarfin inji yana cikin lissafin, amma shi ne ƙaramin ciwo. Babban ciwon a jikin farfelar da ke saman jirgin yake, ita ɗin da ke ba shi damar tashi tsaye ba tare da titi ba, ya tsaya cak a sama, ya sauka a kan rufin bene. Ita ce kuma ta ɗaure masa ƙafa wajen gudu, tun bai kai rabin gudun sauti ba.

## Nawa ne gudun sauti, nawa ne na helikwafta?

A ƙasa-ƙasa, daidai da tsayin teku, idan zafin iska digiri 15 ne, sauti yana cin mita 340 a sakan ɗaya, wato kusan kilomita 1,225 a awa. Can sama inda ake sanyi yana raguwa, zuwa wajen 1,060 a tsayin da manyan jiragen fasinja suke bi. Shi ya sa masu harkar jiragen sama ba su cika faɗin kilomita ba, sai su ce Mach 1, da sunan masanin kimiyyar nan ɗan Ostiriya, Ernst Mach. Mach 1 shi ne gudun sauti a inda jirgi yake, Mach 2 ninkinsa biyu, Mach 0.5 rabinsa.

Helikwaftan da aka saba gani, na asibiti ne ko na 'yan sanda ko na kamfanonin mai, tsakanin kilomita 200 da 300 a awa yake tafiya. Black Hawk na sojan Amurka wajen 280 yake yi. Wanda ya fi kowa a kundin FAI, hukumar da ke ajiye tarihin bajintar jiragen sama, shi ne wani Westland Lynx na Birtaniya, da matuƙi Trevor Egginton ya kai kilomita 400.87 a awa da shi a yankin Somerset ranar 11 ga Agusta 1986. Sulusin gudun sauti ke nan. Daga ranar zuwa yau an sami injuna da suka fi ƙarfi, kayan ƙira da suka fi sauƙi da ƙwari, da kwamfutoci masu lissafa tafiyar iska daki-daki, amma babu zallan helikwafta da ya karya wannan lamba a hukumance.

## Fiffike ne, amma mai juyawa

Fiffike ba ya ɗaga komai sai iska tana wucewa ta jikinsa da ƙarfi. Jirgin sama na yau da kullum dole ya sheƙa a guje a kan titi kafin fikafikansa su sami iskar da za ta ɗauke shi. Dabarar helikwafta ita ce a bar gangar jikin jirgin a tsaye, a sa fikafikan su yi gudun su kaɗai. Rassan farfelar nan dogaye sirara fikafikai ne sosai da sosai, inji ne yake wulwula su.

Farfelar Black Hawk faɗinta mita 16 da 'yan kai, tana juyi 258 a minti ɗaya. Idan aka buga lissafi, ƙarshen kowane reshe yana gudun kusan kilomita 800 a awa. Wato ko jirgin yana tsaye wuri ɗaya a sama bai gusa ko taku ba, ƙarshen rassansa ya riga ya cinye kusan kashi biyu bisa uku na gudun sauti. Ɓangaren reshen da ke kusa da cibiya a hankali yake tafiya, don haka yawancin aikin ɗagawa can wajen ƙarshe ake yin sa.

Akwai wata ƙa'ida da komai ya rataya a kanta. Ƙarfin ɗagawa ba ya ƙaruwa daidai wa daida da gudun iska. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Idan ya ninka sau uku, sau tara.

## Da jirgi ya motsa gaba, farfela ta rabu gida biyu

Muddin jirgin yana tsaye, kowane reshe iska iri ɗaya yake gani duk inda ya zagaya. Da ya fara tafiya gaba, lissafi ya canza. A gefe ɗaya reshe yana tafiya inda jirgin ya nufa, yana kutsawa cikin iska, sai gudun jirgin ya hau kan nasa. A ɗaya gefen reshe yana komawa wajen wutsiya, yana guje wa iskar, sai a ɗebe gudun jirgin daga nasa.

A gudun kilomita 280, ƙarshen reshe mai shiga iska yana ganin 1,080, na mai komawa baya yana ganin 520. Bisa waccan ƙa'ida, ƙarshen na farko zai iya ɗagawa fiye da ninki huɗu na na biyu. Da za a bar su haka, jirgin kifewa zai yi. Haka ɗin ma ta faru da injiniyan Sifaniya Juan de la Cierva a farkon shekarun 1920, jiragensa masu farfela a ka suna karkatawa gefe su faɗi tun ba su bar ƙasa ba. Sai da ya sa wa gindin kowane reshe mahaɗi mai ba shi damar yin sama da ƙasa sannan jirginsa C.4 ya tashi lafiya kusa da Madrid a Janairun 1923. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya, tare da wata: a kowane zagaye ana rage wa reshe mai shiga iska karkata don kada ya ɗaga da yawa, a ƙara wa mai komawa baya don ya cike giɓin.

Kuma cike giɓin yana da iyaka. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota tana gudu ya san yadda abin yake. Ka shimfiɗa tafin hannu, iska ta wuce sumul. Ka ɗan karkata shi, ka ji ana cira hannun sama. Ka ƙara karkatawa, cirar ta ƙaru. Amma da ka wuce wani ƙadami sai cirar ta ɓace gaba ɗaya, iska ta shiga tura hannun baya tana kaɗa shi. Reshe mai komawa baya yana isa wannan ƙadamin idan gudun jirgi ya yi yawa. Iskar da ke lafe a bayansa ta suɓuce, ɗagawa ta faɗi a gefen nan kawai. Matuƙi zai fara jin jijjiga a sandar tuƙi da kujera, hancin jirgin ya ɗaga da kansa, jirgin ya nemi mirginawa ta gefen da ya rasa ɗagawa. Jan layin da ke jikin agogon gudu na helikwafta, wanda aka hana matuƙi ya tsallaka, wannan na cikin manyan dalilan zana shi.

Wani abu kuma yana faruwa a ɓoye a wannan gefen. Kusa da cibiya, inda reshe ba ya gudu sosai, gudun jirgin yakan fi nasa, sai iska ta riƙa bugunsa ta baya, ta wajen siririn bakin da ya kamata ta fita. Fiffiken da iska ta zo masa ta baya ba ya aikin kirki. Wannan da'irar tana faɗaɗa duk lokacin da gudu ya ƙaru. Injiniyoyi suna auna abin ta hanyar raba gudun jirgi da gudun ƙarshen reshe. Yawancin helikwaftoci a wajen 0.35 zuwa 0.4 suke tsayawa. Idan lambar ta kai 1, reshe mai komawa baya gaba ɗayansa ya nutse cikin iskar baya.

## Ɗaya gefen kuma sauti yake tunkara

Mai karatu zai ce ai da sauƙi, a ƙara wa farfela saurin juyawa mana, reshe mai komawa baya ya sami iska isasshiya. A nan gizo ke saƙa, domin duk abin da aka ƙara wa wannan an ƙara wa ɗan'uwansa da ke can yana shiga iska, shi kuwa ya riga ya kusa Mach 0.9.

Iskar da ke bi ta doron fiffike tana fin fiffiken kansa gudu, saboda haka tana isa gudun sauti tun shi bai isa ba. Da ta isa sai ta daina kaucewa cikin ruwan sanyi. Ta cure ta zama wata siririyar katanga ta matsi a kan reshen, turjiya ta yi tsalle, iskar da ke bayan katangar ta hargitse, wurin da ƙarfin ɗagawa ya taru ya gusa baya ya shiga murɗa reshen. Jirgin yaƙi ma yana haɗuwa da wannan, amma sau ɗaya yake ratsawa ya wuce can ya zauna, kuma an yi masa fikafikai sirara masu kwantawa baya don wannan aikin. Reshen helikwafta kuwa shiga zai yi ya fita, ya sake shiga ya sake fita, fiye da sau huɗu a kowane sakan. A rabin zagaye ana so ya zama siriri kamar fiffiken jirgin yaƙi, a ɗaya rabin ana so ya zama mai kauri da zai jure karkata a iska mara ƙarfi, kuma reshen guda ɗaya ne. Wannan murɗawa da sakewa ba hutawa ita ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage, ta bi ta sandunan sarrafawa ta jijjiga jirgin duka.

Ga kuma ƙara. A 1955 Amurka ta gwada wani jirgi mai suna XF-84H a sansanin Edwards da ke Kalifoniya. Ba helikwafta ba ne, jirgin yaƙi ne mai farfela a hanci, amma an ƙera ta yadda ƙarshen rassanta zai zarce gudun sauti. Kowane reshe yana jan tasa katangar matsi yana watsa ta kowane juyi. Ma'aikatan da ke kusa idan an tayar da shi a ƙasa sun riƙa fama da ciwon kai da tashin zuciya. Guda biyu aka ƙera, tashi 12 kacal suka yi aka jingine su. Kuma ita wannan farfela aikinta ya fi sauƙi, don iska ta gaba take zuwa mata, duk rassanta abu ɗaya suke gani. Ta helikwafta a kwance take, iska ta gefe take yankarta.

To ga halin da mai ƙira yake ciki, gaba kura baya sayaki. Ya ƙara juyi, reshen gaba ya daki sauti. Ya rage juyi, reshen baya ya rasa iska. Tazarar da ke tsakanin biyun tana tsukewa da kowace kilomita da aka ƙara, har ta rufe a wajen 400. Lynx ɗin 1986 a bakin ƙofar ya tsaya. An sa masa rassa na musamman masu faffaɗan kai siriri da ya kwanta baya, an riƙa fesa wa injunansa ruwa haɗe da sinadarin metanol don su ƙara ƙarfi, kuma ƙarshen reshensa mai shiga iska ya kai wajen Mach 0.97.

Abin ban sha'awa, wannan matsi ya bi mutum har duniyar Mars. Ɗan ƙaramin helikwaftan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Ingenuity, da ya fara tashi can ranar 19 ga Afrilu 2021, dole farfelarsa ta yi juyi wajen 2,400 a minti saboda iskar can ba ta da kauri. Amma sauti a can wajen mita 240 kawai yake ci a sakan, don haka rufin da ke kan ƙarshen reshe ya fi na nan kusa.

## A ce an tura shi da ƙarfin tsiya

A ɗauka an sami injin da zai ingiza Black Hawk har kilomita 1,225 a awa, farfelarsa tana juyi yadda ta saba. Ƙarshen reshe mai shiga iska zai ga fiye da 2,000, wajen Mach 1.65. Ƙarshen mai komawa baya zai ga iska tana zuwa masa ta baya da gudun 425, gindinsa kuwa da kusan cikakken gudun sauti. Babu karkatar da za a ba reshen da za ta daidaita waɗannan biyun.

Kuma kafin a kai nan, farfelar ta daɗe da daina jan jirgin gaba. Helikwafta yana tafiya ne ta hanyar sunkuyar da farfela, wani kaso na ƙarfin ɗagawa ya koma na ja. Gudu yana ƙaruwa ana ƙara sunkuyawa, ƙarfin jan kuma yana raguwa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Sai turjiyar gangar jiki. Ƙarfin injin da ake buƙata don keta iska ya fi ma ƙarfin ɗagawa saurin hauhawa: ninka gudu sau biyu yana cin ƙarfi sau takwas. Daga 300 zuwa gudun sauti ninki huɗu ne, wato ƙarfi sau 64, tun ba a lissafa ƙarin turjiyar da ke tasowa a bakin gudun sauti ba. Jirgi mai zarce sauti dogo ne siriri mai tsinin hanci, komai nasa a lafe. Helikwafta ɗaki ne mai faɗi, ga cibiyar farfela a kansa cike da mahaɗai da sanduna da kusoshi a waje. Ita cibiyar kaɗai takan ɗauki kwata ko fiye na turjiyar jirgin.

## Hanyoyin da aka bi don zagaye katangar

Hanya ta farko ita ce a rage wa farfela aiki. A sa wa jirgin gajerun fikafikai su ɗauki nauyi idan ya fara gudu, a sa masa wasu farfeloli masu tura shi gaba, sannan a rage juyin babbar. Tsohuwar dabara ce. Fairey Rotodyne na Birtaniya ya tashi a 1957, ya kafa tarihin kilomita 307 a awa a 1959, aka soke shi a 1962, ƙarar ƙananan injunan da ke ƙarshen rassansa na cikin abin da aka yi ƙorafi a kai. AH-56 Cheyenne na Amurka ya tashi a 1967 aka soke shi a 1972. A zamaninmu X3 na kamfanin Eurocopter ya kai 472 a kudancin Faransa ranar 7 ga Yuni 2013, magajinsa Racer na Airbus ya fara tashi a Afrilun 2024 ya wuce 400 cikin 'yan watanni.

Kamfanin Sikorsky wata hanya ya bi, kuma a ganina ita ce ta fi wayo. Farfela biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, suna juyawa kishiyar juna, da rassa masu tauri sosai. Ta haka kowane gefe na jirgin yana da reshe mai shiga iska a koyaushe, sai a ƙyale masu komawa baya su huta, ba a neman komai a wurinsu. X2 ya kai wajen 460 da wannan tsari a Satumbar 2010. Matsalar reshen baya ta kau, amma ta reshen gaba tana nan daram, kuma cibiya ta zama biyu maimakon ɗaya.

Hanya ta uku ita ce a kwantar da farfelar gaba ɗaya. V-22 Osprey yana tashi da farfeloli biyu suna kallon sama, sannan ya juya su su kalli gaba ya zama jirgin sama mai fiffike. Ya fara tashi a 1989, ya shiga aiki a 2007, yana yin wajen 500. V-280 Valor na kamfanin Bell ya wuce 550 a gwaji. Amma manyan farfeloli a ƙarshen fiffike suna neman kaɗa shi idan gudu ya yi yawa, dole a yi fiffiken da kauri da tauri, fiffike mai kauri kuwa ba ya shiri da gudun sauti. Ko jirgin Tu-95 na Rasha, wanda ke cikin mafiya gudu a jirage masu farfela, a wajen 900 ya tsaya.

Hanya ta ƙarshe ita kaɗai ce ke da alamar kaiwa can: a tsayar da farfelar cak a sama ta zama fiffike, injin jet ya karɓi tuƙi. A takarda abin gwanin kyau. A aikace, da an tsayar da ita, reshe ɗaya bakinsa na gaba ne ke fuskantar iska, ɗayan kuma na baya. Sannan akwai 'yan sakanni masu haɗari da farfela take rage juyi, ta daina zama farfela, ba ta kuma zama fiffike ba tukuna. NASA da DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, sun kashe kuɗi a kan X-Wing na Sikorsky a shekarun 1980, wanda aka tsara zai riƙa hura iska ta tsagogin da ke jikin rassa don a iya mai da kowane baki ya zama na gaba. An soke shi a 1988 bai taɓa tashi da wannan farfela ba. Boeing ya gwada X-50 Dragonfly mara matuƙi. Na farko ya faɗi a 2004, na biyu a 2006, babu wanda ya kai ga tsayar da farfelarsa a sama.

In aka jera su za a ga inda aka dosa. Duk ƙarin gudun da aka samu, da ƙwace wa farfela wani aiki aka saye shi: yau an karɓe ja, gobe an karɓe ɗagawa, jibi an kwantar da ita ko an tsayar. Kafin a kai gudun sauti ba abin da ya rage mata sai zama kaya.

## Ai akwai jiragen da ke tashi tsaye su zarce sauti

Akwai, kuma sun daɗe. VJ 101 na Jamus ta Yamma ya zarce gudun sauti a 1964, Mirage IIIV na Faransa ya kai Mach 2 a 1966, F-35B na Amurka yana sauka tsaye yana kuma yin Mach 1.6. Sai dai babu ɗayansu da zai yi aikin helikwafta.

Hanya biyu ce ta tsayawa a sama: ka tura iska mai yawa ƙasa a hankali, ko ka tura kaɗan da gudun tsiya. Ta farkon tana da arha, ita ce ta babbar farfela. Ta biyun tana zuƙe mai, ita ce ta jet. Helikwafta zai iya tsayawa tsawon lokaci a kan teku ya zura igiya ya ciro mutum. Jet ɗin da ya gwada haka, hucin da yake fesowa ƙasa kaɗai ya isa ya halaka wanda aka zo ceto, kuma mansa ba zai jima ba. Idan injin helikwafta ya mutu a sama, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana ci gaba da juya farfelar, matuƙi ya lallaɓa ya sauka. Jet da injinsa ya mutu yana tsaye a sama faɗowa kawai zai yi.

## Masu cewa zai yiwu, da masu cewa wa zai saya

Masu kyakkyawan zato suna da hujja. Kayan ƙira na zaren kabon sun fi na zamanin X-Wing sauƙi da tauri nesa ba kusa ba, kuma kwamfuta tana iya gyara karkatar reshe da saurin da hannun mutum ba zai iya ba. Babu wata dokar kimiyya da ta hana a ƙera jirgin da zai tashi da farfela, ya tsayar da ita, ya naɗe ta cikin jiki, ya kunna jet ya zarce sauti. Wannan gaskiya ne. Amma a lokacin da yake zarce sautin fiffike ne ke ɗauke da shi, jet ke tura shi, farfelar da akwatin giyarta mai nauyi suna kwance suna cin wurin da mai ko fasinja zai zauna. Jirgin da farfela mai juyawa a kwance take ɗauke da shi a Mach 1 kuwa, lissafin da ke sama ya rufe wannan ƙofar.

Masu shakka tambayarsu ita ce amfanin. Helikwafta ƙasa-ƙasa yake aiki, inda iska ta fi kauri, inda gudun sauti ya fi cin mai. Jirgin da ya zarce sauti yana jan ƙara kamar aradu a duk hanyar da ya bi, abin da ya sa Amurka ta hana jiragen farar hula yin haka a kan tudu a 1973, Concorde ma sai ya hau teku yake sakin jiki. Tafiye-tafiyen helikwafta kuma gajeru ne. A ɗauki mara lafiya da za a kai asibiti mai nisan kilomita 150. A gudun 250 minti 36 ne, a gudun 400 wajen minti 22. A gudun sauti minti bakwai ne a takarda, amma hanzarin tashi da rage gudu kafin sauka za su cinye mafi yawan ribar. Minti 14 ɗin farko ana iya samun su da jirage irin su Racer, waɗanda har yanzu za su iya sauka a bakin titi inda aka yi haɗari. Sauran mintocin sai da wani jirgi daban wanda ba zai iya sauka wurin ba, a farashin da babu asibitin da zai biya.

Ko matsakaicin gudun ma ba a banza yake zuwa ba. V-22 ya ci rayuka a tarihinsa, kuma bayan faɗuwar ɗaya a teku kusa da gaɓar Japan a Nuwambar 2023, wadda ta kashe sojoji takwas, an dakatar da su duka na tsawon watanni uku. AW609, irinsa na farar hula da kamfanin Leonardo na Italiya ke ƙerawa, ya fara tashi a 2003 ya kuma shafe fiye da shekara 20 yana neman takardar izinin ɗaukar fasinja.

Inda kuɗi suke zuba ya nuna abin da masu saye suke so. A Disambar 2022 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi V-280 ya gaji wani kaso na jiragenta Black Hawk, don nisan zango da gudu. A Fabrairun 2024 rundunar ta soke shirin sabon helikwaftan leƙen asiri mai gudu, tana nuni da abin da jirage marasa matuƙa suka yi a yaƙin Yukren. Shirin da ya fi kowanne buri a yanzu shi ne SPRINT na DARPA, wanda aka zaɓi Bell a 2025 ya ƙera jirgin gwajinsa: ya tashi da farfeloli kamar V-22, ya tsayar da su a sama, ya naɗe rassan baya, jet ya ci gaba. Gudun da aka nema daga gare shi tsakanin kilomita 740 ne da 830 a awa.